AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tarihin Ginin Tukwane, Da Dalilin Da Ya Sa Randar Haɗeja Ba Ta Sheƙi Irin Na Tangaran

 Wannan mako wasiƙu uku muka ɗaure wuri guda, domin ko da yake daga garuruwa daban-daban suka fito, magana ɗaya suke yi.

Ta farko ta wani manomi ce daga ƙasar Auyo. Yana tambaya, shin tun yaushe aka fara ginin tukwane a wannan ƙasa tamu, kuma daga ina kakanninmu suka koyo shi? Ta biyu ta wani ɗan kasuwa ce mai sarin tuluna da randuna a Haɗeja yana kaiwa kasuwannin ƙauye. Ya ce, ga tangaran na ƙasar Sin yana sheƙi kamar madubi, me ya hana maginanmu su yi irinsa, ko ilmin ne bai iso ba? Ta uku kuwa wata maginiya ce daga wajen Kafin Hausa ta sa ɗanta ya rubuto mana. Ta ce an ba ta shawara ta nemi dalmar tsohon batirin mota, ta kwaɓa da ƙasa, ta shafe tukwanenta kafin ta toya, wai za su fito da ƙyalli su yi tsada. Tana so ta ji ko gaskiya ne.

To, mun gode muku duka. Amsar ta ukun ba ta jira, saboda haka bari mu fara ba da ita a taƙaice: baiwar Allah, kada ki kuskura. Dalili yana zuwa a gaba. Yanzu a gyara zama, mu ɗauko zancen daga tushe.

TSUFAN SANA'AR

Malam mai tambaya daga Auyo, ginin tukwane yana cikin tsofaffin sana'o'in 'yan Adam. Ya girmi ƙira, ya girmi rubutu, a wasu wurare ma ya girmi noma. Abin da ya sa masana suka iya sanin haka shi ne tsingaro ba ya ruɓewa. Ƙwarya da akushi da tabarma duk gara takan cinye su, amma yumɓun da ya sha wuta yakan zauna a ƙasa shekara dubbai yana nan yadda yake. Ku kanku manoma kun sha turo shi da garma a tsofaffin kufai.

A ƙasar Sin an tono tsingaron da ya kai shekara wajen 20,000. A nan Afirka ta Yamma kuwa, a wani wuri da ake kira Unjugu a ƙasar Dogon ta Mali, masu bincike sun samo wanda ya haura shekara 11,000, watau yana cikin mafi daɗewa a duniya duka. Ke nan ba Larabawa ne suka kawo mana sana'ar ba, balle Turawa. A nan suka tarar da ita.

Bari mu matso kusa da gida. In mutum ya bi ruwan Haɗeja ya yi gabas, ƙasar Barno zai faɗa, kuma a can ne aka fi yin tone-tone. A Konduga an samo tsingaron da ya wuce shekara 6,000. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, masana na Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus sun tono kufan wasu makiyaya da suka fara zama a wurin kimanin shekara 3,800 da suka shige. Ga abin da zai ba manomi sha'awa: a jikin tsingaron mutanen nan ne aka ga shatin ƙaiƙayin gero, domin maginansu sun riƙa zuba shi cikin kwaɓi, wuta ta cinye ƙaiƙayin ta bar hotonsa. Da wannan aka gane cewa tun shekara wajen 3,000 baya ana noman gero a yankin. Ashe dabarar da maginiya ke yi yau ta zuba ƙaiƙayi a yumɓu ba sabuwa ba ce ko kaɗan.

Haka kuma a Daima, kusa da iyakar Kamaru, wani Bature mai suna Graham Connah ya tona wani tudu a shekarun 1965 da 1966. Tudun ya haura kamu ashirin a tsaye, kuma duk tarin zaman mutane ne, gari bisa gari. Ƙasar wurin firƙi ce, babu dutse, don haka da yumɓu suka yi kusan komai, har da 'yan shanun wasa, har da daɓen tsakar gida na tsingaro. Kafin jihadi, ƙananan ƙasashen wannan yanki namu, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗeja kanta, suna bin Barno ne ta hannun Galadima da ke Nguru. A babban birnin Barno na wancan zamani, Gazargamu, wanda ya faɗi a 1808, da toyayyen tubali aka gina fadar Mai, kuma ɓurɓushinsa yana nan har yau. Saboda haka mutanen wannan kwari sun san sirrin yumɓu da wuta tun kafin Malam Sambo ya kafa gidan sarautar Fulani a Haɗeja a farkon ƙarni na 19.

YUMƁUN FADAMA

Me ya sa sana'ar ta zauna a bakin wannan kogi? Amsar tana cikin ruwan. Kogin Kano da na Calawa daga ƙasar duwatsu suke tasowa, su haɗu, su bi ta Wudil da Ringim, su iso Haɗeja su bazu cikin fadamu har Nguru, kafin su tarar da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa. Yumɓu kuwa asalinsa dutse ne da ruwa da rana suka rududduge shi shekara da shekaru har ya koma gari mai laushi. Inda ruwa ke gudu yashi yake ajiyewa. Inda ya kwanta ya huta, nan lallausar laka take zama. Fadamar Haɗeja wurin hutawar ruwa ce, don haka kowace ambaliya da nata kason yumɓun da take bari.

Sai dai laka tsagwaronta ba ta ginuwa. Duk wanda ya ga yadda baƙar ƙasar fadama ke daddarewa da rani ya san halinta: in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke ta tsage. Shi ya sa magini ke yi mata gauraye, ya daka tsohon tsingaro ya zuba, ko yashi, ko ƙaiƙayi, ko ɓuntun shinkafa, wasu ma da busasshen kashin jaki. Waɗannan su ne ke hana tukunya tsagewa wajen shanya, su kuma ba tururi hanyar fita in an kai ta wuta. Sanin adadin da za a zuba shi ne rabin sana'ar, kuma ba a auna shi da mudu, a tafin hannu ake ji.

Ginin kansa a ƙasar Hausa ba da keke ake yi ba. Wani magini yakan kifa tsohuwar tukunya ya shimfiɗa yumɓu a bayanta ya bubbuga har gindi ya fito, in ya sha iska ya cire, sa'an nan ya riƙa ɗora murjin yumɓu yana ja sama har wuya da baki. Wani kuma cikin ɗan rami yake ajiye curin yumɓun, yana dukan cikinsa da dunƙulen toyayyen yumɓu yana juyawa, har ya buɗe ya zama tulu. Wani Bature, Nicholson, ya rubuta bayanin irin wannan aiki na maginan Sakkwato tun a 1929. A wasu garuruwa aikin mata ne a cikin gida, a wasu kuma, kamar birnin Kano, maza ma suna yi. Da haka ake fid da tulu da randa da kwatarniya, da tukunyar tuwo da tallen miya, da tandar waina, da kaskon wuta da na turare, da buta da shantali da asusu, har da indararo.

In kaya sun bushe sai a kai matoya. A shimfiɗa kara da ciyawa da kandilo, a kikkifa tukwane, a rufe da tsingaro da wata ciyawar, a cinna wuta. Cikin 'yan awoyi an gama. Zafin irin wannan wuta yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 850 a ma'aunin zafi. Don ku gane, ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ku riƙe wannan lissafi, domin a kansa amsar ɗan kasuwarmu ta rataya.

Kada kuma a ce maginanmu ba su san ado ba. Suna shafa jar ƙasa, su goge jikin tukunya da santsin dutse ko da carbin 'ya'yan kuka har ta yi sulɓi tana ɗaukar ido. Suna turara ta da hayaƙi ta koma baƙa wuluk. A wajen Kano akwai masu shafa wata ƙasa mai ƙyalƙyali, buta ta fito kamar an yi mata ruwan zinariya. A ƙasar Gwari kuma sukan yayyafa ruwan makuba a jikin tukunya tun tana da zafi, ta yi duhu ta rage tsattsafo. Duk wannan ƙyalli ne, amma ba irin na tangaran ba.

MENE NE SHEƘIN TANGARAN?

To Alhaji ɗan kasuwa, ga taka. Sheƙin da kake gani a jikin faɗi-ka-mutu ba fenti ba ne. Gilashi ne sosai, siriri, da aka narka a jikin yumɓu. Mu kira shi ruwan gilashi. Ana haɗa shi da abu uku: garin farin dutse ko yashi mai tsabta, wanda shi ne gilashin, da abin da zai taimake shi narkewa, kamar tokar itace ko farar ƙasa ko garin dutsen nan mai tsaba-tsaba, da ɗan yumɓu don ya kama jiki kada ya zube. A dama da ruwa kamar kunu, a tsoma kwanon da aka riga aka toya sau ɗaya, a sake mai da shi wuta. Wutar ta biyu ba ta fili ba ce. Sai an gina tanderu rufaffe mai bututun hayaƙi, a yi ta zuba itace yini da dare, har zafi ya kai digiri 1,250 ko 1,300. Yumɓun fadama irin namu ba ya jure wannan zafi, lanƙwashewa yake yi ya narke. Sai an nemo wani yumɓu daban mai haske.

Mutanen Misra da na ƙasar Iraƙi ta dā da na Sin su ne suka fara wannan aiki, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Sinawa suka gwanance har suka fid da farin tangaran mai ƙara kamar ƙararrawa. A ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, maginan Basra suka ga irin wannan kaya na Sin, suka ƙago farin ruwan gilashi na kuza don su kwaikwaye shi, daga nan dabarar ta bi ta Misra har Fas da Andalus. Turawa kuwa ba su gano sirrin tangaran na ainihi ba sai wajen 1709, a Jamus. Fataken Sahara sun riƙa kawo 'yan kwanonin nan masu sheƙi, an ma tono ɓaraguzansu a Gawo ta ƙasar Mali. Kuma gilashi ba baƙo ba ne a Nijeriya: an narka shi a Ife tun wajen ƙarni na 11, Masagan Bida kuma sun shahara da yin duwatsun wuya da warwaron ƙarau. Ke nan an ga kayan, an kuma san gilashin. To, me ya hana?

Abin da ya hana shi ne aikin da muke so tukunya ta yi mana. Jikin randa cike yake da 'yan ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana nasowa ta cikinsu a hankali, iska ta busar da shi, bushewar nan kuwa tana tafiya da zafin ruwan da ke ciki, kamar dai yadda zufa ke sanyaya jikin mutum. Shi ya sa a tsakiyar bazara, ranar da ƙasa ke ƙona ƙafa, za ka ɗebo ruwan randa ka ji shi har haƙori. In aka shafe randa da ruwan gilashi an toshe ƙofofin nan, ruwa zai kwana da ɗuminsa kamar na jarka. Haka tukunyar tuwo. Saboda ba ta sha wuta ta daskare ƙam ba, tana da ɗan sako-sako a jiki, shi ya sa za ka ɗora ta kan murhu harshen wuta na dukan gefe guda ba ta fashe ba. Ɗora kwanon tangaran kan duwatsun murhu ka ga abin mamaki, nan take zai dare.

Ga kuma lissafin kuɗi. Ƙasar Haɗeja yashi ce da laka, dutsen kirki sai an je wajen Dutse ko Birnin Kudu ko Kazaure. Itace kuma ba ya wadata. Maginin da ke toya tukwane ɗari da karan dawa da kandilo, yana sayarwa talaka ya iya saye, ina shi ina tanderun da ke cin lodin itace a dare ɗaya?

GWAJIN DA AKA YI A ABUJA

Ba zato muke yi ba, an taɓa gwadawa. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani gwanin magini ɗan Ingila, Michael Cardew, ta ba shi aikin kyautata ginin tukwane a Nijeriya. Ya zaga ƙasar Arewa yana duba yumɓu da aikin magina. Abin da ya faɗa wa waɗanda suka aiko shi shi ne, tukwanen gargajiya sun dace da aikinsu ƙwarai, ba su bukatar gyara, sai dai a kafa wata sana'a daban a gefe don yin kofuna da farantai da butocin shayi masu sheƙi. A 1951 ya zaɓi Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, saboda akwai itace da ruwa da yumɓu mai jure wuta, ga jirgin ƙasa kusa a Minna, ga kuma goyon bayan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ya gina tanderu, ya kawo keken gini, ya fara koyar da samari, yana haɗa ruwan gilashi da tokar itace da garin duwatsun ƙasar.

A fadar Sarkin ne ya ga wasu tuluna da suka ɗauke masa hankali, aikin wata Bagwariya daga garin Kwali mai suna Ladi. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta koyi keke, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta koya a gida, ta zana musu ƙadangare da kifi da kunama da kada, sa'an nan a yi musu ruwan gilashi a toya a tanderu. An nuna kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Wanda ke da takardar naira ashirin a aljihu ya juya bayanta, matar da ke zaune tana gini ita ce, tun 2007 aka sa hotonta.

Wannan abin alfahari ne ga duk maginiya. Amma ku lura da abu guda. Tulunan nan masu sheƙi sun yi nauyi, ba a zuwa rafi da su, ba su kuma sanyaya ruwa. Kayan ado suka koma, masu sayensu Turawa ne da manyan ma'aikata. An buɗe ƙananan rassan makarantar a Sakkwato da Kano, ba su yi tsawon rai ba. Cardew ya bar aiki a 1965, matan karkara kuwa, har na Kwali ɗin, suka ci gaba da ɗiban ruwa da tulun da suka gada.

WANDA YA CI KASUWAR MAGINA

In ana neman abin da ya rage wa magina ciniki, ba tangaran ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ja reshe har Nguru a 1930, ya bi ta Malam Madori, kuɗin gyaɗa suka shigo, kantuna suka cika da fanteka da langa da kwanon sha. Wani abin dariya, fentin jikin irin wannan kwano shi ma ruwan gilashi ne, sai dai a kan ƙarfe aka narka shi. Daga wajejen 1960 har masana'antunsa aka kafa a Kano, jeren amarya ya koma na kwano. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma maƙera suka koyi narka tsohon alminiyam su zuba tukunya, wadda ba ta fashewa ko jaki ya ka da ita. Daga baya roba ta zo ta kori buta da shantali, jarka ta raba tulu da rijiya.

Shi kansa kogin ya canza hali. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, ga farin shekarun 1970 da na 1980. Wasu fadamun suka daina samun ruwa, wasu kuma kacalla ta toshe hanya ruwa ya zauna ya ƙi janyewa, a wata shekarar kuma, kamar 2022, ya zo ya wuce kima ya ci gonaki da gidaje. Maginin da ke jiran ruwa ya janye ya haƙi yumɓu, shi ma abin ya taɓa shi kamar yadda ya taɓa manomi da masunci.

Amma ku duba abin da ya tsira: randa, da tandar waina, da kaskon turare, da asusu. Watau duk inda aikin na numfashin yumɓu ne, ko na jure garwashi, ko na a fasa ran bukata, ƙarfe da roba sun kasa.

TUKUNYA CIKIN TUKUNYA

A nan Jigawa ne ma aka nuna wa duniya darajar wannan numfashi. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan magina, ya ga yadda kayan lambu ke ruɓewa manoma a ƙauyukan da babu lantarki. A tsakiyar shekarun 1990 ya fito da wata dabara mai sauƙi. A sami tukwane biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kaya a ta cikin, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. A gwajin da ya yi, yalon da ke yaushi a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku, alayyaho ya kwana 12. Ya sa magina suka yi masa guda 5,000 na farko da kuɗin aljihunsa, ya raba a ƙauyukan Jigawa. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya, dabarar kuma ta bazu har Sudan.

Alhaji, ka ga amsarka ke nan. Da babbar tukunyar nan tana da sheƙin tangaran, da aikin banza aka yi. Kuma ga ku a ƙasar tattasai da tumatir da attaruhu, inda mai lambu kan karyar da kayansa da yamma don gudun asara. Sai dai a sani, da rani da lokacin hunturu abin ya fi aiki, in iska ta bushe. Da damina ƙarfinsa yana raguwa.

MAGANAR DALMA

Yanzu mu dawo gare ki, baiwar Allah ta Kafin Hausa. Wanda ya ba ki shawara ya ji ƙanshin gaskiya, domin dalma tana sa gilashi ya narke a ƙaramar wuta, kuma an daɗe ana yin haka a wasu ƙasashe. Amma dalma guba ce. In aka zuba abu mai tsami a irin wannan tukunya, kamar kunun tsamiya ko nono ko miyar tumatir, yakan tsotso dalmar ya shiga ciki da ita. Ba ta kisa rana ɗaya, taruwa take yi a jiki, ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ta jawo farfaɗiya, ta taɓa ƙoda, ta ɓata ciki ga mai juna biyu. Ke mai fasa batirin da mai daka, da yaran da ke wasa a tsakar gidan, ku za ku fara shaƙa. Kowa ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Ƙyallin da zai jawo wannan, gara babu shi.

In ƙarin daraja kike nema wa kayanki, ga hanyoyin da ba su da haɗari. Ki tace yumɓu da kyau, ki bar shi ya kwana biyu a jiƙe. Ki ƙara haƙuri wajen guga, ki yi zane mai tsabta. Ki yi wa randa murfin da ya zauna daidai, baki kuma kada ya cika faɗi, domin hannu da moɗa mai datti su ne ke ɓata ruwan sha. Ki gwada gina tukwane biyu-biyu masu shiga juna, ki kai wa masu lambu su gani da idonsu, tunda gani ya kori ji. Matashin da ke sha'awar aikin ruwan gilashi na gaske kuwa, sana'a ce mai kyau, ana koyar da ita a manyan makarantu irin su Jami'ar Ahmadu Bello. Ya je ya koya wurin masu tanderu, da haɗin da babu dalma, ya san kuma kasuwarsa birni ce.

Ku kuma masu saye, in kun je kasuwa ku ƙwanƙwasa tukunya da yatsa. In ta amsa da ƙara mai zaƙi ta toyu, in ta yi bif-bif akwai tsaga ko wuta ba ta ratsa ta ba. Kada kuma ku raina sabuwar randa don kun ga gindinta da laima, aikinta ke nan take yi. In maginiya ta faɗi kuɗi, ku tuna da haƙa da dako da kwaɓi da shanya, da waɗanda suka fashe mata a matoya ba wanda ya biya.

Jama'a, nan za mu dakata. Dattawan da suka san unguwannin magina na garuruwansu, da inda ake haƙar yumɓu tun zamanin kakanni, da sunayen kayan aikin yadda ake kiran su a Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri, muna roƙo a sa yara su rubuto mana, domin irin wannan ilmi a ka yake zaune, in mai shi ya tafi ya tafi da abinsa. Sai mun ji daga gare ku.